Tsakanin Yin Shiru da Kafirtawa: Darasi Daga Malam Jibril ɗan Umar da Almajirinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a ƙasar Madawa ta jihar Tawa, cikin Jamhuriyar Nijar, akwai kabarin wani babban malami da 'yan'uwa da yawa suka san sunansa a bakin masu wa'azi, amma kaɗan ne suka tsaya suka duba abin da ya gudana tsakaninsa da almajirinsa. Malamin shi ne Malam Jibril ɗan Umar. Almajirin kuwa shi ne Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara musu yarda. Daga Madawa zuwa Galmi tafiya ce 'yar kaɗan a kan babbar hanyar da ta nufi Ƙonni, kuma a kusa da Galmi ne ƙauyen Maratta yake, inda aka haifi Shehu a shekarar 1754. Ashe labarin nasu na gida ne ga mutanen Madawa da Buza da Kaita, ba labarin wata ƙasa mai nisa ba.

Abin da wannan darasi zai duba shi ne sidƙu, wato zaman mutum a kan gaskiyar abin da ya sani, ciki da waje ɗaya, da kuma jure ƙuncin da wannan zama yake jawowa. Duk wanda aka ɗora wa jagorancin zawiya ko halƙar zikiri, ko da ta mutum goma ce, zai gamu da wannan ƙunci. Haka ma muridin da yake son ya ci gaba a sulukinsa.

Malamin da ba ya ɓoye abin da ya gani

Malam Jibril ya yi hajji sau biyu a zamanin da zuwa Makka tafiyar shekaru ce a bayan raƙumi, ta cikin hamada. A Misira ya haɗu da babban malami Murtala Zabidi, wanda ya yi wa ƙamusun Larabci sharhin nan mai suna Tajul Arus, ya kuma yi wa Ihya'u na Imamu Gazali sharhi, kuma ya karɓi ijaza daga gare shi. Ta hannun Malam Jibril ne isnadai masu yawa na littattafan hadisi suka iso ga Shehu da ƙanensa Abdullahi, haka nan silsilolin ɗariƙu, cikinsu har da Ƙadiriyya da Halwatiyya.

Mutum ne mai zafin kishin addini. Ya duba ƙasar Hausa da Azbin na zamaninsa ya ga mutane suna faɗin kalmar shahada, suna salla, amma ana cin dukiyar marayu, ana auren fiye da mata huɗu, maza da mata suna cuɗanya ba shamaki, masu mulki suna hukunci da al'adar kakanni. Bai iya haɗiye wannan ba. Ya yi ta faɗa a fili, kuma faɗar ta jawo masa rashin jituwa da masu iko. Daga wajensa Shehu ya ga yadda malami yake tsayawa gaban jama'a ya kira ɓarna da sunanta.

Komawa daga Agadas

Shehu yana saurayi ya zauna tare da Malam Jibril kimanin shekara guda yana karatu, ya bi shi har Agadas. Malamin yana kan hanyarsa ta zuwa hajji, almajirin kuma zuciyarsa ta rataya da ɗakin Allah da ziyarar Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wanda ya san irin begen Annabi da ke cikin waƙoƙin Shehu zai gane girman wannan buri a wajensa. Sai Malam Jibril ya mayar da shi gida, domin bai fito da izinin mahaifinsa na wannan tafiya ba.

A nan akwai mutum biyu, kowanne ya sha abu mai ɗaci. Malami ya rabu da almajiri mafi hazaƙa, wanda da ya yi masa hidima a hanya, ya ɗebe masa kewa, ya kuma zama abin alfaharinsa a gaban malaman Misira da Hijaz. Da ya so, da ya nemo tawili. Hajji ai ibada ce, mahaifin kuma malami ne, ba zai ƙi ba in ya ji. Irin wannan tawilin ne zuciya take ƙagowa cikin sauƙi idan abu ya dace da sonta. Bai yi haka ba. Shi kuma almajiri ya juya ya koma kudu, bai yi gardama ba, bai bi ayari a ɓoye ba. Kuma Allah bai ƙaddara masa yin hajji ba har ya rasu a Sakkwato a shekarar 1817.

Muridai sukan ji wannan ƙissa su ce darasinta biyayya ga shehi ne. Haka ne, amma rabin darasin ke nan. Da labarin ya tsaya a nan, da sai a ɗauka tarbiyya ita ce muridi ya ce "to" ga kowane abu.

Mas'alar da suka saɓa

Zafin kishin Malam Jibril ya kai shi ga wani hukunci mai nauyi. A cikin wani rubutu nasa ya tafi a kan cewa masu dulmuya cikin waɗancan manyan zunubai sun fita daga Musulunci. Wannan magana ba ƙarama ba ce. Idan aka ce mutum kafiri ne, to aurensa da gadonsa da yankansa da sallar gawarsa duk sun shiga wani hali, har jininsa da dukiyarsa suna iya zama abin wasa a hannun jahilai.

Shehu bai yarda da wannan ba, kuma bai ɓoye rashin yardarsa ba. Ya tattauna mas'alar a littafinsa Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya, ya kuma yi littafi na musamman, Shifa'ul Galil, don warware abin da ya rikitar a maganar malaminsa. Ya bayyana matsayin Ahlus Sunna: Musulmi ba ya zama kafiri saboda aikata zunubi, kome girmansa, sai in ya halatta abin da aka san haramcinsa a addini. Mai zunubi fasiƙi ne, ana yi masa wa'azi, ana tsoratar da shi, ana iya hukunta shi, amma yana nan cikin al'umma. Kafirtawa da zunubi hanya ce ta Hawarijawa.

Abin lura shi ne yadda ya yi wannan gyara. Bai rage wa malaminsa daraja ba ko da ƙwayar zarra. Ya nema masa uzuri, ya nuna cewa tsananin tausayinsa ga al'ummar Annabi da tsoron halakarta ne suka kai shi ga tsanantawa. Ya ci gaba da yabonsa, yana ɗaukar kansa ɗan ƙaramin abu ne daga abin da malamin ya shuka. Malam Abdullahi ma ya yi masa waƙar yabo da ta shiga littafinsa Tazyinul Waraƙat. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma da wuya a sami misalin wannan karin magana da ya fi wannan.

A duba nauyin abin. Shehu yana wa'azin gyara, yana kiran mutane su bar bidi'a da zalunci, kuma fatawar malaminsa makami ce mai kaifi a hannun mai irin wannan kira. Da ya riƙe ta, da ta ƙara wa mabiyansa zafi, da kuma babu mai cewa ya saɓa wa shehinsa. A cikin ɗalibai na lokacin akwai masu saurin kafirta talakawa saboda ba su iya kawo hujjojin tauhidi yadda malaman ilmin kalami suke kawowa ba, kuma Shehu ya yi rubuce-rubuce da yawa yana yi musu raddi. Ke nan ya zaɓi ya tsaya inda masu sarauta suke ganin ya yi tsanani, masu zafin kai kuma suke ganin ya yi sako-sako. Wurin nan ba shi da daɗin zama.

Idan aka haɗa ƙissoshin biyu sai ma'auni ya fito. A Agadas biyayya ce mai ɗaci, ya yi ta. A mas'alar kafirtawa saɓawa ce mai ɗaci, ya yi ta. A duka biyun bai tambayi ransa abin da ya fi masa sauƙi ba.

Ƙofofi biyu na gudu

Zunuban da suka tayar wa Malam Jibril hankali ba su ƙare ba. A ɗauki misali da abin da kowane muƙaddami a karkarar Adar ya sani. Mutum ya rasu ya bar gona a fadama, inda ake noman albasa, inda taki ɗaya na ƙasa yake da kuɗi. Babban ɗa ko ƙanen mamaci ya riƙe gonar, 'ya'ya mata ba a ba su kome ba, an ce ai suna gidan miji, marayu ƙanana kuma an ce sai sun girma. Wanda ya riƙe gonar nan ɗan'uwa ne a ɗariƙa. Ba ya fashin wuridi. Shi ya sayi kwanon rufin zawiya, shi yake yanka rago ranar Mauludi, motarsa ce take kai 'yan'uwa ziyara.

Muƙaddami yana da ƙofofi biyu da zai iya fita ta cikinsu ya huta.

Ta farko ita ce shiru. Sai ya ce wa kansa wannan maganar gida ce, ko ya ce lokaci bai yi ba, ko ya ce ɗariƙa gyaran zuciya take yi, shari'ar gona ta alƙali ce da mai gari. Ya yi ta karantar da falalar zikiri, yana kewaye babin gado kamar yadda ake kewaye rijiya da dare. Wannan shiru yana sanye da rigar hikima, amma idan aka tone shi tsoro ne: tsoron rasa mai taimako, tsoron a ce malam ya shiga abin da ba ruwansa. Matan da aka hana haƙƙinsu suna gani. Matasa ma suna gani, musamman waɗanda suka je cin rani Abijan ko Libiya ko biranen Najeriya suka jiyo masu cewa 'yan ɗariƙa ba ruwansu da shari'a. Shirun muƙaddami yakan tabbatar musu da wannan zargi fiye da duk wani wa'azi da suka saurara a waya.

Ta biyu ita ce yankewa. Ya tashi a bainar jama'a ya yi wa mutumin kaca-kaca, ya ce sallarsa banza ce, zikirinsa banza ne, kada ya ƙara taka zawiya. Mutane za su ce malam ba ya tsoron kowa. A ranar zai ji sanyi a ransa, domin ya sauke nauyi. Amma gonar tana nan a hannun wanda ya riƙe ta, marayu ba su sami kome ba, kuma an rufe hanyar da za a bi a sake yi masa magana. Yawancin masu ɗaukar wannan hanya suna zaton sidƙu ne ya motsa su, alhali gajen haƙuri ne. Fushi ya fi zama da matsala sauƙi. Rai yana son a yaba masa da jarumta kamar yadda yake son a yaba masa da kirki, kuma riyar mai tsanani ta fi ta mai sassauci wuyar ganewa.

Abin da ya rage shi ne abin da Shehu ya yi da al'ummar zamaninsa: a kira haram da sunansa, a kuma ci gaba da riƙe mai aikata shi a matsayin ɗan'uwa Musulmi. Muƙaddami ya je gidan mutumin bayan sallar isha, su biyu, ya ce masa: "Alhaji, gonar nan akwai haƙƙin 'yan'uwanka mata da na marayu a ciki, kuma ina jin tsoron ranar da za a tambaye ka, a tambaye ni." Mai yiwuwa Alhaji ya ɓata rai. Mai yiwuwa ya daina gaisuwa da fara'a, ya janye hannunsa daga hidimar zawiya. Gobe kuma za su haɗu a sahu ɗaya, su zauna a halƙa ɗaya, muƙaddami ya miƙa masa hannu yana sane da abin da ke tsakaninsu. Bayan wata guda ya sake komawa. Ya karantar da ayoyin gado na Suratun Nisa'i a majalisi ba tare da ya kama suna ba. Ya nemi dattijon da Alhaji yake jin kunyarsa. Wannan hali yana iya ɗaukar shekara, kuma duk tsawon shekarar babu ranar da muƙaddami zai ji an gama. Hannun mutum ba ya ruɓewa ya yanke ya yar, amma jinyarsa akwai wari, akwai ɗawainiya.

Abu ɗaya da yake sauƙaƙa wannan tsayuwa shi ne kame hannu. Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami a lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiyar da aka ba shi, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda yake son amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki 'yan kurkuku, kada a nauyaya wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Bakin da ya ci ba ya iya neman irin waɗannan. Ba a ce muƙaddami ya ƙi hadiyya ba, domin hadiyya sunna ce, amma ya san wace hadiyya ce za ta ɗaure masa harshe.

Idan gyaran ya juyo kan jagora

Jagora yakan so ya zama Shehu a cikin wannan ƙissa. Wata rana kuwa shi ne zai zama a matsayin malamin da almajirinsa ya gano kuskurensa. Yaron da ya koya wa alwala ya tafi Sakkwato ko Kano ko jami'ar Musulunci ta Say ya yi karatu, ya dawo, ya zo cikin ladabi ya ce hadisin nan da ake yawan kawowa a majalisi bai inganta ba, ko rabon gadon da aka yi bara akwai gyara a lissafinsa. A wannan lokaci ne ake sanin ko shekarun wuridi sun yi aiki. Zafin da ke tasowa a ƙirji, da tunanin "yaushe aka haife shi", su ne ainihin abin da mujahada take nufin yaƙa. Idan malami irin Jibril ɗan Umar, mai hajji biyu da ijazar Misira, zai iya yin kuskure a mas'ala kuma darajarsa ta tsaya daram, to muƙaddamin ƙauye ba shi da abin tsoro a cewa "ka yi gaskiya, na koma."

Muridin da ya ga kuskuren kuma akwai nasa nauyin. Ya tabbatar da mas'alar tukuna, ya tambayi wanda ya fi shi sani. Ya faɗa a keɓe. Ya nemi uzuri ga malaminsa kafin ya nemi hujja a kansa. Kuma ya bambanta abin da yake na tarbiyya, kamar a ce masa ya dakata da wani wuridi ko ya yi wata hidima da ransa ba ya so, inda aikinsa sallamawa ne, da abin da yake hukuncin shari'a ne bayyananne, inda ba a yi wa kowa biyayya a saɓa wa Allah.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ɗanɗani wani nau'in wannan ƙunci. A shekarar 1807, jihadi yana tsakiya, ya ga son duniya ya fara shiga cikin jama'a, ana neman mulki da dukiya da ganima. Ransa ya ɓaci har ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Da ya isa Kano mutanenta suka riƙe shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya koma wurin jama'ar da ya baro. Tafiyar ta fi sauƙi, kuma tana da sunan ibada. Komawa cikin mutanen da suka ba shi takaici, ya ci gaba da faɗa musu gaskiya yana tare da su, ita ce mai wuya.

Tun kafin su, Imamu Gazali ya bar kujerar koyarwa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza a shekarar 1095, bayan ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna ya gauraya da ita. Ya yi watanni yana kai-kawo tsakanin tafiya da zama, har harshensa ya kasa karantarwa. Shi gyaransa a tafiya yake, Malam Abdullahi kuwa nasa a komawa yake. Saboda haka ba a iya cewa sidƙu kullum zama ne ko kullum tashi ne. Kowannensu ya duba inda ransa yake ɓuya ne, ya fito da shi daga nan.

Muridi mai farawa ya sani cewa wannan hali ba ya samuwa a dare ɗaya. Mutanen ƙasar Buza sun ga yadda aka fara dasa layukan itacen bedi a kwarin Majiya daga shekarar 1975 don tare iskar da take kwashe ƙasar gona. Shekarun farko babu abin gani sai 'yan tsirrai da ake tsaro kada dabbobi su cinye, manomi kuma yana ganin an rage masa wurin shuka. Sai da itatuwan suka tasa aka ga amfaninsu a hatsi da itacen girki. A Kaita ma, daga 1984, an yi shekaru ana ɗaukar duwatsu a ka ana jerawa a kan fako, mata ne mafi yawan masu aikin, kafin ƙasar da ta mutu ta fara riƙe ruwa. Gaskiyar muridi a farkonta irin wannan tsiro ce. Tana farawa da ƙananan abubuwa: ya ce "ban sani ba" idan an tambaye shi abin da bai sani ba, ya ce "na makara" maimakon ya ƙago dalili, kada ya ƙara wa kukansa sauti a halƙa don an zuba masa ido, kada ya ba da labarin mafarkin da bai yi ba. Kowane ɗaya yana da 'yar kunyarsa, kuma jure wannan 'yar kunya ne yake shirya mutum ga ranar da zai ƙwanƙwasa ƙofar Alhaji.

Shehu ya tattara isnadansa a littafin da ya kira Asanidul Faƙir, ya kuma rubuta silsilolinsa na ɗariƙa. Bai cire sunan malamin da ya yi wa gyara ba, bai kuma nemi wata hanya da za ta kewaye shi ba. Wanda ya karanta waɗannan isnadai a yau, a Sakkwato ko Gwandu ko Madawa, zai bi ta kan sunan Jibril ɗan Umar kafin ya kai ga Zabidi da malaman da ke sama da shi, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.